Inuwar Dabino a Ƙofar Ɗakin Inna Kulu

Da sunan Allah mai rahama, wanda ya san inda kowa yake kwance.

Inna Kulu dai duk wanda ya san ta a Tudun Wadan Daura, da man gyaɗa ya san ta. 'Yar tsohuwa ce siririya, ba ta da yawan magana, kullum carbi na wuyan hannunta ko tana tuya. Asalinta 'yar Sandamu ce. An kawo ta Daura amarya shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira, gidan Malam Jafaru maɗinki, can cikin gari, unguwar Sarkin Yara. Gidan ƙasa ne mai zaure, da wata tsamiya daidai ƙofar zauren, da dabino guda ɗaya dogo a cikin gida.

Shekara ashirin da ɗoriya ta yi a gidan nan tana kulle. Ba ta fita sai suna ko gaisuwar mutuwa, shi ma sai rana ta faɗi, a lulluɓe, idonta na kan ƙafarta. To ka ga Daura da kunne ta san ta. Ta san Laraba ta zo in ta ji kofaton jakuna tun da sassafe suna wucewa kasuwa. Ta san muryar wani Buzu mai tallar kanwa, ta san bugun maƙeran da ke bayan layinsu, har tana gane ranar da babbansu ba shi da lafiya don bugun yakan canja. Amma da za a ce ta faɗi yadda fuskar gidanta take daga waje da rana tsaka, wallahi ba za ta iya ba.

In an tambaye ta 'ya'yanta nawa, sai ta ce huɗu, ta fara lissafi daga Murjanatu. Haka kowa ya sani, har su 'ya'yan. Ashe biyar ne.

Akwai na fari, namiji. Ta haife shi a Sandamu wajen iyayenta, ta yi wankan jego, aka yi arba'in ta dawo da shi Daura. Wata guda ya yi a gidan ubansa, zazzaɓi ya kama shi, kwana uku Allah ya karɓi abinsa. A wancan zamani, jariri irin wannan gidaje da yawa ba sa kai shi maƙabarta, cikin gida ake rufe shi. Kulu tana ɗaki ta ji ana haƙa a gindin dabino. Ba ta leƙa ba. Ɗan fari ne, akwai kunya. Da ransa ma ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa gaban mutane, balle yanzu ta yi kuka uwar miji na tsakar gida. Ta haɗiye abinta. Washegari ta ɗauki tsintsiya ta share gida.

Malam bai sake ta da maganar ba, ita ma haka. Abu ɗaya dai: kullum da hantsi inuwar dabinon nan takan miƙo har bakin ƙofar ɗakinta. Sai Kulu ta jawo tabarma ta zauna da mazarinta tana kaɗi, ta bar inuwar ta kwanta mata a kan ƙafa har rana ta ɗaga. Babu wanda ya taɓa lura.

Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa. 'Yan'uwa suka raba gado, aka sayar da gidan, ita da yara suka dawo Tudun Wada. Gidan ya yi ta canja hannu. Dabinon ma aka ce iska ta kayar da shi tun da daɗewa.

To ran nan, cikin bazarar bana, Murjanatu ta zo gaishe ta. Ita Murjanatu a Sarkin Yara take aure, har ta yi jikoki. Inna Kulu tana matsar tunkuza, Murjanatu tana ba ta labarin gari.

"Inna, kin ji an rushe tsohon gidanmu? Ƙasa ƙasa, tsamiya kaɗai aka bari. Wani Alhaji Suhaibu ne ya saya, mai shigo da shanu ta Kongolam. Ɗakunan haya zai yi. Har an zana layi da toka, na ga inda za a haƙa ramin masai."

"Ta wane gefe?"

"Can kusurwar gabas."

Hannun Inna Kulu ya tsaya cikin tunkuza. Mai yana ɗiga daga yatsunta, ita kuwa kamar ba ta nan.

"Inna, lafiya?"

"Akwai mutum a wurin."

"Mutum kuma? Wane mutum?"

"Yayanki."

Murjanatu ta saki baki. "Inna, ni fa ce babba."

"Ke ce babba a waɗanda suka zauna," in ji Inna Kulu. Ta goge hannu, ta ce, "Miƙo min mayafina."

Suka sami Alhaji Suhaibu a filin, yana tsaye da magininsa. Mutum ne mai ladabi, da ya ga tsohuwa har ƙasa ya durƙusa. Murjanatu ce ta yi bayani, don ita Inna Kulu filin take kallo. Fili ne kawai, jar ƙasa da ɓaraguzan tubali, gidajen siminti sun kewaye shi. Ta nemi ɗakinta ta rasa. Ta nemi madafi, ta nemi inda turmi yake zama, babu. Shekara ashirin da wani abu, ga shi duka bai fi inda za a ɗaure awaki ba.

Alhaji ya ce, "Inna lillahi. Inna, Allah ya tsare ni da zuba ƙazanta a kan ɗan Musulmi. Amma kin tabbata gabas ne?"

"Da hantsi inuwar ke zuwa ƙofata. Gabas ne."

"To ai ba mu san inda ɗakin naki yake ba, Inna. Shekara hamsin ba wasa ba ce. Wuri biyu ne kawai ramin zai iya zama, ko gabas ko yamma. In na mayar da shi yamma alhali can yake kwance, kin ga na yi abin da muke gudu da hannuna. A samo wanda ya san inda dabinon yake. Masu haƙa ranar Asabar za su zo."

Gaskiya ya faɗa. Aka nemi tsofaffin layin, wanda bai mutu ba ya tashi. Ɗaya da aka samu ya ce dama, da aka sake tambayarsa ya ce hagu. Sai maginin ya ce, "Ku je wajen Hafizu ɗan Sha'aban mai hoto. Babansa babu lungun da bai ɗauka ba."

Inna Kulu ta tuna sunan. Malam yakan shigo yana dariya ya ce yau ma Sha'aban ya wuce da kekensa, mutane na biyan kuɗi a ɗauke su, shi kuma yana ɓata fim a kan bango da bishiya.

Ranar Laraba da safe suka hau a-daidaita zuwa shagon Hafizu, kusa da kasuwa. Hafizu dattijo ne shi ma, furfura ta fara fito masa. Ya shimfiɗa musu tabarma, ya jawo wata akwatin ƙarfe irin ta amare. Ya ce babansa baƙin fim ya bari cike da ita, shi ne yake sa su a inji ɗaya bayan ɗaya yana fitar da su a takarda.

Ya fara miƙo mata. Inna Kulu ta karɓa da hannu biyu, ta kai kusa da ido.

Kasuwar Laraba ce, rumfunan zana jere, babu kwano ko ɗaya. Raƙuma a durƙushe da buhunan kanwa. Wani Buzu mai naɗi ya buɗe baki yana kira.

"Shi ne," in ji ta. "Wallahi shi ne. Ashe ɗan gajere ne. Ni da na ɗauka wani ƙato ne, yadda muryarsa ke tsallake katanga."

Hafizu ya yi dariya ya miƙo wani. Hanyar Kusugu, mata da tuluna a ka, yashi fari kamar an wanke shi. Wani kuma Ƙofar Baru, ganuwa ta zaizaye, akuya a tsaye a kanta tana kallon gari. Ga marina, ga zannuwa a shanye. Ga maƙeran nan na bayan layinsu, mutum uku a ƙarƙashin rumfa. Inna Kulu ta daɗe a kan wannan. Ta rufe ido. Murjanatu ta ce ta ga kan Inna yana ɗan kaɗawa, kamar mai bin wani sauti da su ba sa ji.

Garin da ta zauna a cikinsa tun tana amarya, sai yau take ganinsa, bayan ya tafi. Babu launi a hotunan, komai fari da baƙi da toka-toka, irin yadda mamaci yake zuwa wa mutum a mafarki, ka gan shi sarai amma ba ka iya taɓa shi. Shagon ya yi tsit. Hayaniyar babura ta koma nesa. Ita ji take kamar in ta sa ƙafa za ta taka yashin nan, ta bi bayan matan nan masu tulu, babu mai ce mata koma.

Hafizu ya nuna mata hoton wani zaure mai zanko da zane a goshinsa. "Wannan na rasa na waye, Inna. Kowa na tambaya bai sani ba."

Ta duba. "Ni ban san fuskar gida ba, ɗan nan. Wace bishiya ce wannan ta leƙo?"

"Kamar lemun tsami."

"Kusa da maƙera? To gidan Dabo mai goro ne. In ka shiga, rijiya na hannun dama, ruwanta zartsi, ba ya kumfa da sabulu. Matarsa Hadijatu, ita ta koya mini alkaki. Can ciki akwai ɗaki mai tasoshi har rufi."

Hafizu ya ɗauko biro da sauri yana rubutawa a bayan hoton. "Inna, ashe ke ce rabin akwatin nan. Baba ya ɗauki waje, ke kin riƙe ciki."

"Kai dai nemo min nawa," in ji ta.

Ya nemo. Ga tsamiya tana ƙarama, ga zauren a bayanta daidai. Katanga ta miƙa hagu da dama, indararo biyu sun leƙo. A gindin tsamiya wani mutum zaune kan buzu da ƙwarya a gabansa. Can sama da katanga, kan dabino ya fito, ganyensa a baje.

Murjanatu ta ce, "Baba!" Hawaye ya zubo mata.

Hafizu kuwa dabinon yake kallo. Ya san layin. Ya ce mai tsayuwa a kan hanya yana fuskantar gidan, gabas tana damansa, yamma tana hagunsa. Dabinon hoton kuwa a hagu yake.

"Yamma ne, Inna," ya faɗa a hankali. "Alhamdu lillahi, ramin ba zai taɓa shi ba. Alhaji ya bar shi inda ya zana."

"Gabas ne."

"Inna, ga shi fa kina gani," in ji Murjanatu. "Hoto ba ya mantuwa. Mu ne muke mantawa. Wataƙila inuwar la'asar ce kike tunawa."

Inna Kulu ta roƙi Hafizu ya ara mata hoton, ya ce ya ba ta duniya da lahira. Murjanatu ta buga wa Alhaji waya ta gaya masa abin da aka gani.

Kwana biyu Inna Kulu ba ta yi tuya ba. Abin da ya fi cin ranta, ta fara shakkar kanta. In inuwar nan ba ta hantsi ba ce, to me ke nan ta riƙe shekara hamsin? Ko sunansa ba ta taɓa faɗa ba, kabarinsa ba ta gani ba, inuwar kaɗai ce tata. In ta yi sujada sai ta ce, ya Allah, kai ka san inda yake, ni baiwarka na rikice.

Ranar Juma'a da hantsi ta fito da hoton tsakar gida inda haske yake. Ta bar dabinon, ta koma kallon Malam. Ga hularsa da yake turawa gaba. Ga ƙwaryar, tata ce, ta gane ɗinkin da aka yi mata a baki ranar da ta tsage. Furar ma ita ta dama, ko wace rana ce. Ya ɗaga ludayi zai kai baki. Ta yi murmushi. Ta juya ta jera da hoton, kafaɗa da kafaɗa, kamar yadda take zama gefensa in ya shigo. Ta ɗaga hannu tana kwaikwayonsa.

Hannun da ya ɗagu na hagu ne.

Ta sauke, ta sake. Hagu dai. Malam Jafaru, wanda in yaro ya kai hannun hagu cikin kwano sai ya ɗanɗana masa bayan ludayi a yatsu. Malam da ko allura aka miƙo masa da hagu ba ya karɓa. Shi ne zai zauna ƙofar gida, gaban jama'a, yana shan fura da hagu?

Maƙwabta sun ce sun ji dariyar Inna Kulu ta katanga, abin da ba su saba ji ba.

Kafin a tafi masallaci tana shagon Hafizu, Murjanatu na bin ta tana haki.

"Ɗan nan, babanka ya san Malam?"

"Ƙwarai, Inna. Shi ke masa ɗinki."

"Ya taɓa ce maka bahago ne?"

"A'a."

"To duba hannunsa."

Hafizu ya duba. Ya sake dubawa. Ya buɗe akwati ya lalubo baƙin fim ɗin, ya fita bakin ƙofa ya ɗaga shi sama yana kallo ta hasken rana. Ya juya shi, ya sake ɗagawa. Sai ya dafe kai.

"Subhanallahi. Baibai na sa shi a inji. Fim ɗin ta kowane gefe ana gani, in babu rubutu a hoton ba ka gane gaba da baya. Komai ya juye, dama ta koma hagu." Ya durƙusa. "Inna, ki yafe mini. Na kusa sa a yi ɓarna."

"Tashi, ai babanka ne ya taimake ni, Allah ya kai haske kabarinsa. Wanko min shi daidai."

Ya wanko. Ludayi ya koma dama, dabino ya koma gabas. Murjanatu ta riƙe haɓa tana cewa, "Oh ni! Baba yana kabari yana gyara mana hannu." Ta rasa inda za ta sa idonta. Inna Kulu ta ce, "Ke kuma, da inuwar la'asar ɗinki."

Asabar da safe aka haɗu a filin, masu haƙa sun zo da diga da shebur. Alhaji Suhaibu ya riƙe sabon hoton, Hafizu ya tsaya daidai inda yake ganin babansa ya tsaya, da tsamiya a gabansa. Magini ya auna da ido, ya ƙirga taku daga tsamiya zuwa gabas, ya shiga ciki. Inda ya tsaya, ƙafarsa ɗaya tana kan layin tokar ramin.

Alhaji ya ce a ajiye diga. Magini ya sa fartanya yana kankarar ƙasa sama-sama, da bisimilla. Bai kai taƙi biyu ba sai ga saiwoyi, sirara masu yawa, a cukurkuɗe kamar igiyar kaba. Babu bishiyar da ke saiwa haka sai dabino.

"Tsaya nan," in ji Alhaji. "Kada a ƙara ko yatsa. A mayar da ƙasar."

Ya sa ƙafa ya goge layin tokar da kansa. Ya ce rami ya koma yamma, nan kuma a kewaye shi da bulo, a bar shi fili, ba za a ɗora komai a kai ba. Maza suka ɗaga hannu aka yi addu'a.

Inna Kulu ta tako a hankali. Yau ne farkon tsayuwarta a wurin. Ta juya ta kalli yamma, ta ƙirga taku bakwai, ta tsaya.

"Nan ne ƙofata," in ji ta. Ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafa. Rana na hantsi, babu inuwar komai, amma ta daɗe a haka tana jan carbi, babu wanda ya ce mata ta tashi.

Hafizu ya matso da bironsa. "Inna, Baba yakan rubuta sunan masu gida a bayan hoto. Na sa Malam Jafaru maɗinki. Shi yaron, wa zan rubuta?"

Ta sunkuyar da kai. Tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu, sai ga ta tana wasa da bakin mayafi.

"Inna, ki faɗa mana," in ji Murjanatu. "Kakar da kike jin kunya ta daɗe a ƙasa. Yayana ne, ina so in riƙa sa shi a addu'a."

Inna Kulu ta kalli wurin saiwoyin nan.

"Lawal," ta ce.

Sai ta ja mayafi ta rufe fuskarta duka, kafaɗunta na rawa. Murjanatu ta ce har yau ba ta san ko dariya ce ko kuka ba, ba ta kuma ɗaga mayafin ta duba ba.

Da damina ta sauka, Alhaji Suhaibu ya sa aka kawo ɗan dabino daga Baure aka dasa cikin kewayen. Bai kai gwiwa ba tukuna. Inna Kulu ta koma tuyar man gyaɗanta. Ranar Laraba kuma takan je shagon Hafizu, ya fito da hotuna, ita tana gaya masa abin da ke bayan kowace katanga, shi yana rubutawa. Hoton gidan yana cikin kwallarta, naɗe a ɗankwali.

Kwanan baya wata baƙuwa mai sayen mai ta tambaye ta 'ya'yanta nawa. Inna Kulu tana auna mata a kwalba, ba ta ko ɗago ba.

"Biyar," in ji ta. "Allah ya jiƙan na farkon."